Furen Yahaya a Ledar Alhaji

Baƙar leda ce, an ɗaure bakinta da ƙulli biyu, kuma Alhaji bai yarda ɗansa ya riƙe masa ita ba. Da kansa ya ɗora ta a kan teburina, ya zauna yana maida numfashi. Wata takwas ke nan da aka yi masa dashen ƙoda a Indiya. Gwajin jini sau biyu a jere ya nuna maganin da ke hana jikinsa ƙin sabuwar ƙodar, wato ciclosporin, ya yi ƙasa ƙwarai. Likita na zargin yana tsallake sha, Alhaji na rantsuwa, ɗansa kuma na nuna ƙararrawar da ya saita a waya safe da dare. Shi ne aka turo su wurina, mai haɗa magunguna, in ƙirga ƙwayoyin.

Na ƙirga, lissafi ya cika, ba ko ɗaya da ta yi rara. Sai can a ƙasan ledar hannuna ya taɓa wata 'yar kwalba mai hoton fure rawaya a jikinta.

"Wannan fa, Baba?"

"A'a ɗana, wannan ai ba magani ba ne. 'Yata ce ta aiko min daga Ingila, wai tun da aka yi aikin nan na rage walwala. Fure ne kawai."

Na san furen tun muna ɗalibai, kodayake ban taɓa ganinsa a tsaye a daji ba, domin ba tsiron ƙasarmu ba ne kuma ba shi da sunan Hausa. Ingilishi na ce masa St John's wort, Jamusawa na cewa Johanniskraut, masana tsirrai kuma Hypericum perforatum. Sunayen biyu na farko duk na Yahaya ne, wanda Kiristoci ke kira mai baftisma, saboda tsiron yakan yi fure a kusa da 24 ga Yuni, ranar da coci ke bikin haihuwarsa, lokacin da yini ya fi tsawo a Turai. Ni dai furen Yahaya nake ce masa.

In ka ɗaga ganyensa ka duba ta hasken rana, za ka ga kamar an bi shi da allura an huhhuda. Ba huji ba ne, 'yan buhunan mai ne da haske ke ratsawa. In kuma ka murza tohon furen a yatsa, sai ya bar maka ja kamar jini. Abu biyun nan sun ishi mutanen ƙauyukan Turai na da su gina labari: jan jinin Yahaya ne, hujin kuwa Shaiɗan ne ya yi shi don haushin tsiron. Sukan tsinko shi daren bikin, su rataye a bakin ƙofa da saman gado, wasu su jefa a wutar da ake hurawa a dandali. A littattafan Latin na wancan zamani har suna gare shi mai ma'anar korar aljanu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake turara ɗaki da magariba, ko ake rataye laya a dokin ƙofa, ba zai yi wa waɗannan mutane dariya ba.

Likitoci ma ba su raina shi ba. Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na farko bayan haihuwar Annabi Isa, ya sa shi cikin babban littafinsa na magunguna. Paracelsus, a ƙarni na 16, ya yabe shi a kan raunuka da kuma abin da a lokacin ake ɗauka taɓuwar iska ce. Mata kan jiƙa furen a man zaitun, su shanya kwalbar a rana har man ya koma ja wur, su ajiye don ƙuna da sara. Har yau ana yin wannan mai a Turai da Turkiyya. Da tsiron ya bi Turawa zuwa Amurka kuwa sai ya zama annoba: a jihar Kalifoniya ya cinye makiyaya, dabbobi masu farar fata da suka ci shi suna saɓulewa in rana ta doke su, har sai da aka kawo wani ƙwaro daga Ostireliya a tsakiyar shekarun 1940 ya yi maganinsa. Manoma dai sun daɗe da sanin cewa wannan fure ba kanwar lasa ba ne.

Abin da ya mayar da shi kafso a kwalba, Jamus ce. A 1984 kwamitin da gwamnatin ƙasar ta ɗora wa tantance magungunan itatuwa ya amince da shi a kan ciwon damuwa, kuma likitocin can suka riƙa rubuta shi kamar kowane magani. A 1996 Klaus Linde da abokan aikinsa a Munich suka tattara gwaje-gwaje 23 suka buga a mujallar likitocin Birtaniya, suka nuna ya fi ƙwayar banza aiki a kan damuwar da ba ta yi tsanani ba. A daidai wannan lokaci Amurka ta riga ta buɗe ƙofa: dokar da Bill Clinton ya sa wa hannu a 1994 ta ware irin waɗannan kayayyaki daga sahun magunguna, ta mayar da su ƙarin abinci, ba sai hukuma ta gwada su kafin a kai kasuwa ba. Da gidajen talabijin da mujallu suka ɗauki labarin a 1997, sai kantuna suka kasa wadatar da masu saye. Miliyoyin mutane suka fara haɗiyar furen Yahaya kullum, da yawansu kuma suna kan wasu magungunan, ba wanda ya tambaye su, su ma ba su ga dalilin faɗa ba.

Kafin in kai ga abin da ya biyo baya sai na koma ga hanta, domin ita ce mai gari a wannan labari.

Duk abin da mutum ya haɗiye, in hanji ya tsotse shi, ba ya shiga jinin jiki kai tsaye. Akwai wata babbar jijiya da ke kwashe shi ta kai wa hanta tukuna. Ni nakan kwatanta wa marasa lafiya da shingen kwastan a Jibiya ko Maigatari: mota ba ta shiga gari sai an sauke wani kaso na kayan. Ma'aikatan wannan shinge wasu sinadarai ne da ake kira enzayim, aikinsu su sake wa baƙon abu kama yadda ƙoda ko matsarmama za ta iya fitar da shi. Likitan da ya rubuta maka miligiram ɗari ya riga ya cire kason hanta a lissafinsa, ya san abin da zai tsallake shinge shi ne daidai buƙatarka. Lissafin yana tsayawa ne muddin yawan ma'aikatan bai canza ba.

An daɗe kafin a ga fuskar waɗannan ma'aikata. A 1947 R. T. Williams ya fitar da littafin da ya zama tushen wannan fanni. A shekarun 1950, a cibiyar binciken lafiya ta Amurka, Bernard Brodie da Julius Axelrod suka gano ɓangaren ƙwayar hanta inda aikin ke gudana. A 1958 Martin Klingenberg ya ga wani launi a hantar ɓera wanda in ya haɗu da iskar gawayi mai guba yake shanye haske a ma'auni na 450. Tsuneo Omura da Ryo Sato na Osaka a Japan su suka raɗa masa suna a 1962, P450, sunan da ba ya nufin komai sai launi da lambar nan. Daga baya aka gane dangi ne guda mai rassa da yawa. Babban cikinsu, CYP3A4, yana zaune a hanta da bangon hanji, kuma tsakanin sulusi zuwa rabin magungunan da muke bayarwa ta hannunsa suke bi.

Abin da ya fi tsaya min a rai tun ranar da na fara karanta wannan shi ne tambayar da malaminmu ya jefo mana a aji: kafin a ƙirƙiro ƙwaya, me waɗannan sinadarai suke yi? Amsar tana daji. Itace ba ya gudu, ba ya cizo, don haka yake kare kansa da ɗaci da guba. Ɗacin maɗaci da na darbejiya ba don mu aka yi shi ba, don ƙwari da awaki ne. Hantar duk mai cin ganye an halicce ta da kayan aikin warware irin wannan guba. Ashe ke nan hanta ta san ganye tun kafin ta san kemis, ƙwayar asibiti ce ma baƙuwa a wurinta. Mai cewa “ganye ne kawai, in bai yi magani ba ba zai yi illa ba” ya juya zancen ne. Ganyen shi ne tsohon abokin hulɗa, shi ya fi sanin hanyar ofis.

Likitoci sun san wani magani kan iya ƙara yawan ma'aikatan shingen. Herbert Remmer a Jamus ya nuna haka da phenobarbital a ƙarshen shekarun 1950. A farkon shekarun 1970 aka lura matan da ke shan rifampicin, maganin tarin tibi ɗin nan mai mayar da fitsari ja, suna ɗaukar ciki alhali suna kan ƙwayar tazarar haihuwa. Amma duk wannan tsakanin ƙwaya da ƙwaya ne. Ba a cika kawo abinci ko ganye cikin lissafi ba.

Wanda ya fara fasa wannan tunani bai tashi da niyyar haka ba. David Bailey, mai binciken magunguna a birnin London na ƙasar Kanada, kuma tsohon ɗan tseren da ya fara zama ɗan Kanada da ya gudu mil guda a ƙasa da minti huɗu, yana son ya ga ko barasa na shafar wani maganin hawan jini mai suna felodipine. Don kada masu gwajin su gane wa aka ba barasa, sai ya nemi abin sha da zai ɓoye ɗanɗanonta. Ya gwada na cikin firjin gidansa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi shi ne ruwan babban lemon nan mai ɗaci, giref. Da sakamako ya fito a 1989, maganin ya yi yawa a jinin kowa, wanda ya sha barasa da wanda bai sha ba. Bailey ya sake gwadawa a jikinsa, sannan a kan wasu, ya buga a mujallar Lancet a 1991: kofin ruwan lemon ya kusan ninka maganin sau uku. Sinadaran cikinsa suna ɗaure hannun CYP3A4 na bangon hanji, sai kaya su wuce shinge ba a sauke komai ba. An ɗauki abin da farko kamar almara. Lemo kuma?

Furen Yahaya kishiyar haka yake yi, kuma shi ya sa ya daɗe bai tonu ba. Maganin da ya yi yawa a jini yana da kururuwa: jiri, amai, faɗuwa. Wanda ya yi kaɗan shiru yake yi. Cutar ce ke dawowa, sai a ce jikin ne ya ƙi, ko mara lafiya ne ba ya sha, kamar yadda aka ce wa Alhaji.

A 1999 masu bincike a asibitin Charité na Berlin suka nuna furen na rage digoxin, maganin zuciya, da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu. Sai Fabrairun 2000, Lancet ta fito da rahotanni biyu a fitowa guda. Na farko daga Zurich ne: Frank Ruschitzka da abokan aikinsa sun ba da labarin mutum biyu, mai shekara 61 da mai 63, da aka yi wa dashen zuciya suna zaune lafiya, kwatsam jikinsu ya fara yaƙar sabuwar zuciyar. Ciclosporin ɗinsu ya faɗi warwas. Dukansu sun fara shan furen Yahaya 'yan makonni kafin nan, ɗaya shi ya saya wa kansa, ɗayan kuma likitan ƙwaƙwalwa ne ya rubuta masa. Da aka dakatar da furen, maganin ya dawo daidai. Na biyu daga Amurka ne: Stephen Piscitelli ya ba lafiyayyun mutum takwas indinavir, maganin ƙanjamau, kafin da bayan mako biyu na shan furen. Yawan maganin a jini ya ragu da kashi 57 cikin ɗari, abin da kan saura kafin lokacin sha na gaba kuwa ya ragu da kashi 81. Ga mai ɗauke da ƙwayar cutar, wannan daidai yake da koya wa cutar yadda za ta bijire wa magani. A ranar 10 ga watan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Ireland ta riga ta hana sayar da shi ba da takardar likita ba tun farkon shekarar.

Daga nan rahotanni suka yi ta zuwa kamar an buɗe famfo. Suwidin ta kawo na warfarin, maganin tsinka jini. Aka samu matan da ke kan ƙwayar tazara suna ganin jini a tsakiyar wata, wasu har da cikin da ba su shirya ba. A 2002 likitocin Rotterdam suka nuna yana rage ƙarfin irinotecan, maganin sankara.

Yadda yake yi ɗin ma bai ɗauki lokaci ba aka gano. A tsakiyar 2000 ɗin, ƙungiyar Steven Kliewer ta nuna cewa wani sinadarin furen, hyperforin, yana zuwa ya zauna a kan wani makunni a cikin ƙwayar hanta da ake kira PXR. Wannan makunni shi ne shugaban ma'aikata: in ya ji baƙon abu ya yi yawa, sai ya ba da umarnin a ɗebo ƙarin CYP3A4, a kuma ƙara famfunan da ke mayar da magani cikin hanji. Makunnin da rifampicin ke dannawa ke nan. Ɗaukar sababbin ma'aikata na cin mako ɗaya zuwa biyu, sallamarsu ma haka. Shi ya sa wanda ya fara sha yau ba ya ganin komai gobe, wanda ya daina kuma bai fita daga haɗari nan take ba, musamman in likita ya riga ya ƙara masa magani don cike giɓin. Har a takardar da ke cikin kwalin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da kowane gida ya sani, an rubuta kada a haɗa shi da wannan fure.

Piscitelli bai tsaya a fure ba. A 2002 ya buga sakamakon gwajin kafson tafarnuwa, inda ya ga ya rage saquinavir, wani maganin ƙanjamau, da kusan rabi. A shekarun nan ne kuma ministar lafiya ta Afirka ta Kudu, Manto Tshabalala-Msimang, take tallata tafarnuwa da lemon tsami da jan gwoza ga masu cutar, har aka baje su a rumfar ƙasarta a babban taron ƙanjamau na Toronto a 2006. Ban ce tafarnuwar miya za ta kashe kowa ba, tazarar da ke tsakanin ɗan abin da ake dakawa a turmi da abin da aka tattara aka cusa a kafso tana da yawa. Amma a nan ne cinikin zamani ya bambanta da na kakanninmu. Tsohuwar da ke jiƙa sassaƙe takan ba ka na kwana uku ko bakwai, ta ce ka huta. Kamfani kuwa so yake ka sha kullum har kwalba ta ƙare ka sayi wata, kuma shan kullum ɗin shi ke tayar da makunnin hanta.

Mu ma nan an taɓa leƙa tukunyarmu. A 1994 masu bincike a Sudan suka ba mutane chloroquine da zoɓo, da ruwan tsamiya, da na lemon tsami, suka ga abin da ya shiga jini ya ragu sosai in aka kwatanta da wanda aka sha da ruwa. Shekara biyu bayan haka, a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, aka ba mutane asfirin da kunun gero mai tsamiya, sai ga shi maganin ya ƙaru a jini. Tsamiya ɗaya, ta danne wannan ta ɗaga wancan. Waɗannan biyun a hanji abin ya fi faruwa, kafin a kai ga hanta, amma ga mai shan maganin duk ɗaya ne. Masoron da ke cikin yajinmu kuwa yana ɗauke da piperine, sinadarin da masu bincike a Indiya suka nuna tun 1985 yana rage wa enzayim ɗin hanta hanzari, har kamfanoni ke zuba shi da gangan a kafson kurkur don ya fi shiga jiki.

Ni ba na cikin abokan aikina masu ɗaga hanci in an ambaci maganin gargajiya. Artemether ɗin da ke cikin Coartem daga artemisinin na ganyen Sin aka samo shi, digoxin daga wani furen Turai, kwinin daga ɓawon itace. Kakata ta yi min dauri ina jariri, ga ni nan. Abin da ke ba ni tsoro shi ne jarkar da ake tallatawa da lasifika a bakin tasha, mai haɗin itace goma sha, wadda ke maganin basir da taifot da sanyi da dattin ciki gaba ɗaya, da kuma 'yar uwarta mai tsada da ke zuwa daga waje cikin kwali mai sheƙi. Lambar NAFDAC da ke jikin wasu ba shaida ba ce cewa an gwada su tare da maganin hawan jininka ko na sikarinka. Furen Yahaya ya shekara kusan dubu biyu a littattafan likitoci, Jamus ta gwada shi a kan dubban mutane, duk da haka sai da zuciyar mutum biyu ta kusa salwanta kafin a san me yake yi wa hanta.

Laifin kuma har da namu. Shekaru muna tambayar mara lafiya, “Kana shan wani magani?” ya ce a'a, mu rubuta a'a. Gaskiya ya faɗa, domin a wurinsa magani shi ne abin da likita ya rubuta. Zogale abinci ne, habbatus sauda sunna ce, jiƙon sabara na gida ne, kafson da 'ya ta aiko kuwa kyauta ce. Wanda ma ya san amsar yakan ɓoye don kada a yi masa faɗa a gaban mutane. Yanzu ni ba na tambaya haka. Nakan ce, “Hajiya, ban da na asibiti, me ake jiƙa miki a gida? Me 'yan dubiya suka kawo?” Sai ka ga an yi murmushi an fara lissafi da yatsu.

Alhaji bai so rabuwa da kwalbarsa ba. Ya ce tun da ya fara sha yake samun barci, kuma ban musa masa ba, don mai yiwuwa gaskiya ne. Na ce, “Baba, garin neman gira kada a rasa ido. Ƙodar nan ƙaninka ne ya ba ka.” Ya yi shiru, ya turo min kwalbar da bayan hannu. Na kira likita a waya, muka tsara a riƙa auna jininsa a kai a kai na mako biyu masu zuwa, domin an riga an ƙara masa ciclosporin a gwajin baya, kuma in hanta ta sallami ƙarin ma'aikatanta, wannan ƙarin zai iya komawa guba ga ƙodar da muke karewa. Aka kuma ba shi ranar ganin likitan ƙwaƙwalwa a kan rashin walwalar.

Da za su tafi, ɗan ya dawo shi kaɗai ya leƙo ta taga. Ya ce yayarsa ta aiko da kwalba uku ne, ɗaya tana wurin mahaifiyarsu, wadda ke shan maganin tsinka jini tun bara. Na ce ya kawo min ita da ledarta gobe da safe.